Sallahun da Zuliha Ta Haɗiye

Shekarar da Kogin Kwara ya yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa, ita ce shekarar da Rilwanu ya biya wa uwarsa kujerar Makka. Uwar tasa Zuliha ce, Banufiyar Bida, wadda aure ya kawo Minna tun tana da sauran ƙuruciya. A Tudun Fulani ta zauna, a nan ta binne miji, a nan ta tsufa a bakin tukunyar turara shinkafa. Turarawa, shanya, ɗaukar buhu, durƙuso a gaban mudu, su suka ciyar da 'ya'yanta, su ne kuma suka cinye mata gwiwoyi. Idan za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ta dafa ƙasa, ta kira sunan Allah, sannan gwiwar dama ta amsa da ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Ranar da Rilwanu ya zo daga Maitumbi da albishir, bai tarar da guɗar da ya zata ba. Zuliha ta yi godiya, ta sa masa albarka, sannan ta sunkuya tana kallon ƙafafunta. Ta sha jin labari a bakin hajiyoyin unguwa cewa masu rauni a keke ake tura su, a hau da su can sama su yi ɗawafi suna hango Ɗakin Allah daga nesa. Ita kuwa da ta ƙare rayuwarta tana ɗora buhuna a baro ta rantse ba za ta zama buhu ba. Da ƙafarta take so ta zagaya, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasan wurin. Ban da wannan ba ta da wani buri da ya rage mata a duniya, kuma duk wanda ya san ta ya san haka, don ba ta iya ɓoye abu ba.

Akwai mafarkin da ta daɗe tana yi idan barci ya sace ta bayan azahar a gindin mangwaron tsakar gida. Sai ta ga kanta a wani fili fari fes, daɓensa da sanyi kamar gindin randa, mutane suna tafiya ba a jin takunsu, ita ma tana tafiya a cikinsu ba nauyi a jikinta. Ba ta taɓa ganin Ka'aba a mafarkin ba, kullum tana gefen hagunta, tana dab da juyawa ta kalla sai kaza ta taka ta ko wani ya yi sallama.

Rilwanu ya ɗauke ta a Keke Napep ya kai ta asibiti. Likitar wata mace ce mai magana a hankali. Ta latsa gwiwar, ta lanƙwasa, ta ce sanyin ƙashi ne irin na shekaru da wahala. Ta rubuta wata 'yar farar ƙwaya mai suna dikulofenak, sunan da ya fi ƙarfin bakin Zuliha, don haka ita ta raɗa mata Farar Likita. Likita ta yi bayani dalla-dalla, ta ce ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma sai an ci abinci. Ta ce ko gwiwa za ta yi kuka da hawaye kada a wuce biyun nan. Ta ce kada a haɗa da wani maganin ciwon jiki, kuma idan ciki ya fara zafi ko bayan gida ya yi baƙi a dawo da gaggawa.

To, kunne ma da mudunsa. Abin da ya shiga mudun Zuliha shi ne kada a wuce biyu, wannan ta riƙe shi gam. Maganar kada a haɗa da wani kuwa ta ɗauke ta a matsayin kishin da likitoci suka saba yi da masu kemis, ita kuma ba ta da niyyar zuwa kemis, saboda haka ta ga maganar ba da ita ake ba.

Farar Likita ta yi aiki, amma rabin aiki. Zuliha ta daina dafa bango, sai dai har yanzu idan ta yi 'yar tafiya gwiwar dama takan tuna mata cewa tana nan.

Labarin kujera ya bazu, aka fara zuwa ban kwana tun da sauran lokaci, don dangin Bida ba sa jira sai an kira su. Mai ƙuli-ƙuli ya kawo, mai busasshen kifi ya kawo, mai yaji ya kawo, ɗaki ya cika da ƙamshin guzuri. Kowa kuma idan ya ajiye nasa sai ya matso kusa, ya rage murya, ya bar sallahu, wato abin da yake so a roƙa masa idan an je gaban Ɗaki. Nan ne tsoro ya kama Zuliha. Ba ta yi karatun boko ba, na allo ma bai yi nisa ba, kanta kuma ba kamar da ba. Ta san farashin shinkafar shekaru ashirin da suka wuce, amma takan manta inda ta ajiye ludayi. Tana gudun ta isa can ta buɗe baki ta tarar amanar mutane ta zube a hanya.

Aishat ce ta fara kawo ƙwaya. 'Yar ƙanin mijinta ce, tana aure a Tunga, ta daɗe a ɗaki ba ko ɓatan wata. Ta durƙusa irin durƙuson Nufawa, har ƙasa, ta miƙo wani katin magani mai ruwan ɗorawa da hannu biyu. Ta ce surukarta shi take sha don gwiwa, har kasuwa take zuwa da ƙafa. Sannan ta kifa kai a cinyar Zuliha ta yi kuka mara sauti, ta faɗi abin da take so a roƙa mata, wanda ko ba ta faɗa ba an sani.

Zuliha ba ta taɓa mayar da hannun kyauta baya ba, balle wadda aka miƙo a durƙushe. Da gari ya waye ta ɓalle ƙwaya ɗaya ta kora da ruwa, don dai kada hannun yarinya ya tafi a banza. Ƙwayar na wucewa maƙogwaro sai fuskar Aishat ta zo mata sarai, da hawayen, da kalmomin, ba wadda ta ɓace. Daɗi ya kama ta, don ta ga ta sami inda za ta ɗaure sallahu ba zai kwance ba.

Bayan Aishat sai Ndaman, direban da ya yi shekara da shekaru yana kawo mata shinkafa daga Bida. Ya zo da kafso mai ja da baƙi, irin wanda direbobi ke sha idan baya ya riƙe. Ya ce da shi yake zuwa Legas ya dawo bai san yana da ƙugu ba. Sallahunsa shi ne Allah Ya sauke shi daga kan titi lafiya kafin titi ya sauke shi.

Ta ƙarshe ita ce Rose, maƙwabciyarta ta bayan katanga, mai sayar da doya, mutuniyar ƙauyukan Paiko. Sun fi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katangar nan. Rose takan aiko da shinkafar Kirsimeti, Zuliha takan aika da naman layya, kuma ba su taɓa gajiya da tsokanar juna ba. Rose ta leƙo da wata ƙwaya mai ruwan hoda, ragowar wadda aka rubuta wa mijinta lokacin da ya faɗo daga babur.

"Maman Rilwanu, ka sha wannan, yana da kyau sosai," in ji Rose, wadda Hausarta ba ta damu da mace ko namiji ba. "In ka je can ka roka wa 'yata Mercy miji. Allah ai daya ne, kuma na ji an ce can layin ba shi da tsawo."

Zuliha ta yi dariya har da tari, ta ce ita Mercy da take aikin nas tana duba maza dare da rana, in ba ta samo da kanta ba ai sai dai addu'ar. Ta karɓa da hannu biyu.

Haka abin ya zauna mata. Ta sami wani ƙaramin kwano mai murfi ta jera katunan a ciki. Da safe Farar Likita, ita kaɗai, don ita ce mai doka. Da hantsi mai ruwan ɗorawa, a tuna Aishat. Da azahar kafso, a tuna Ndaman. Da la'asar mai ruwan hoda, a tuna Mercy da mijin da bai zo ba. Da yamma Farar Likita ta rufe. Wata rana idan zuciyarta ta tsaya a kan Aishat, takan ƙara mata ɗaya don tausayi. Duk lokacin da Rilwanu ya bugo waya ya tambaya ko tana kiyaye ƙa'idar likita, sai ta ce ko sau ɗaya ba ta wuce biyu ba, kuma har ga Allah gaskiya take faɗa. A ganinta sauran ba maganin likita ba ne, alherin mutane ne, kowanne da launinsa da mai shi, kuma ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Gwiwa kuwa ta yi tsit, kamar an yi mata rasuwa. Zuliha ta tashi ba dafawa, ta durƙusa ba salati. Bayan sallar asuba, idan gari ya fara haske, sai ta fito ta sa mangwaro a hagunta ta yi ta zagaya shi tana gwajin ɗawafi. Damina tana ƙarewa, ƙasa da laushi, ciyawa da raɓa. Rose takan ɗora haɓa a kan katanga tana kallo, tana cewa in aka ci gaba haka mangwaron nan ma sai an kira shi Alhaji.

Wuta ta fara ci mata a ƙahon zuci. Ta ce ƙwannafi ne, ta jiƙa kanwa ta sha. Abinci ya fita ranta, tuwo loma biyu ta ture kwano, ta ce murna ce ta cika mata ciki, sai ƙwayoyin suka koma sauka a cikin da babu kome. Ƙafafunta suka ɗan tasa, ta ce zagayen mangwaro ne. Da bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, maganar likita ta ɗan gifta mata, amma ta kore ta, ta ɗora laifin a kan miyar kuka. Tsoronta kada ta koma asibiti a ce mata wani abu da zai taɓa tafiya. Ga shi an ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa na murnar tafiya, ta kuma rambaɗa kwalli, don haka ba wanda ya ga yadda tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat.

Abin da ya fi ruɗar ta shi ne sauƙin da take ji. Jikinta ya daina nauyi. Idan ta miƙe sai duniya ta ɗan yi lilo, ganyen mangwaro ya narke ya zama haske, muryoyin unguwa su koma nesa kamar daga ƙetaren kogi ake magana. Takan tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu ta rasa inda take, ta ji sanyin farin daɓen nan a tafin ƙafarta alhali idonta biyu. Mafarkin azahar ya daina jiran barci, ya fara biyo ta har bakin murhu. Jiri ne, jini ne ke tsiyaya a cikinta a hankali, amma ita ta ɗauka wurin ne ya matso kusa, yana kiran ta. Ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ban haushi a labarin.

Ana sauran 'yan kwanaki a fara tashi aka kira maniyyata bita ta ƙarshe a sansanin alhazai. An kafa wani ɗan ɗaki na katako a tsakiyar fili, an lulluɓe shi da baƙin yadi, don a koya wa mutane yadda ake zagayawa. Zuliha ta sha na safe, ta sha na hantsi, ta haɗa da na azahar don kada lokaci ya same ta a waje, ta fita ba ta karya ba. Rana ta buɗe sosai, irin ranar ƙarshen damina mai cizo. Malami yana gaba da lasifika, mata suna biye cikin fararen hijabai.

A zagayen farko tana jin tsakuwa a ƙarƙashin silifas. A na biyu tsakuwar ta ɓace. Lasifika ta yi nisa, ta koma kamar kukan kurciya. Fararen hijaban suka haɗe suka zama ruwa mai tafiya, ita kuma tana ciki, ruwan yana ɗauke da ita. Ta ga Aishat a gefenta da goyo, ta ga Ndaman zaune a inuwa ya miƙe ƙafa, ta ga Mercy da lulluɓi tana sunne kai. Ta ji sanyin daɓen ya hau ƙafarta har gwiwa. Ta ce a ranta yau dai ba kazar da za ta taka ta, ta juya hagu a hankali don ta kalla. Ta ga baƙin yadi yana tashi sama, yana faɗi, yana rufe sararin duka.

Da ta buɗe ido, abin da ta fara gani leda ce ja a rataye a kan ƙarfe, da siririn tiyo ya sauko ya shiga hannunta. Rilwanu yana zaune a gefen gado da auduga manne a hannu, don jininsa ne a ledar. Aka gaya mata ta faɗi a filin bita, ta yi aman jini, matan da ke kusa suka ɗauko ta. Ta saurara kamar labarin wata ake ba ta. Tambayarta ta farko ita ce ko ta cika zagayen.

Likitar nan mai magana a hankali ta zo ta tambaye ta nawa take sha a rana. Zuliha ta ce biyu, ta ɗaga yatsu biyu masu lalle. Likita ta sake tambaya, ta sake ba ta amsa ɗaya, har ta fara jin haushi, don ba a saba tuhumar ta da ƙarya ba. Likita ta tafi tana juya abin a ranta.

Rose ce ta je gida ɗebo mata zannuwa, ta ga kwano mai murfi a kan taga, ta haɗo da shi don a zatonta goro ne. Mercy, 'yarta, ta biyo ta dubiya da rigar aiki a jikinta. Ita ta buɗe kwanon. Ta daɗe tana juya katunan tana karanta bayansu, sannan ta jera su a kan zanen gado.

"Mama, waɗannan fa?"

"Wannan na Aishat ne, wannan na Ndaman. Wannan naki ne, uwarki ta kawo."

"Kina shan su?"

"Kullum. In ban sha ba yaya zan riƙe saƙonku?"

Mercy ta zauna a bakin gado. Ta ɗauki farar da mai ruwan ɗorawa ta haɗa su a tafin hannu ɗaya, ta ce waɗannan biyun mutum ɗaya ne, riga kawai ya sake, kuma mai ruwan ɗorawar ƙarfinta biyu ne na farar. Ta ce ko ƙato mai jini a jika ba a yarda ya wuce miligiram ɗari da hamsin na wannan magani a yini ba, wato farar nan guda uku, ita kuwa saboda shekarunta aka tsayar mata a biyu. Farar biyu da ta Aishat ɗaya sun riga sun tsallake iyakar. Kafson Ndaman da mai ruwan hoda sunansu daban, amma 'yan gida ɗaya ne da farar, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Ciki ba ya ganin launi, in ji ta, jimla yake gani. Sun taru sun kankare bangon cikin har ya huje, sun kuma gajiyar da ƙoda.

Rose ta ɗora hannu biyu a ka ta fita baranda. Ana jin kukanta daga ciki.

Zuliha ta fara da faɗa. Ta ce yaya za a ce alherin mutane ne ya kwantar da ita, mutanen da suka durƙusa suka ba ta don ƙauna. Mercy ba ta yi musu da ita ba, ta bar ta ta faɗa har ta gaji. Da faɗan ya ƙare sai kunya ta zo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta tuna likita ta faɗa mata, da bakinta, da Hausa, ita ce ta zaɓi abin da za ta ji. Garin neman gira ta kusa rasa ido. Abu ɗaya ta roƙa daga ƙarƙashin mayafin, kada a gaya wa Aishat, don yarinyar tana da abin da ya ishe ta. Mercy ta ce dole a gaya mata, tunda surukarta ma tana sha ba lissafi, amma za ta san yadda za ta faɗa.

Jirgin farko ya tashi tana asibiti. Ta lissafa cewa akwai sauran jirage, ta dage da cin abinci, ta shanye duk abin da aka ba ta, tana gaishe da likita da fara'a kamar mai neman bashi. Ciwon gwiwa ya dawo gaba ɗaya, har da riba, don an hana ta Farar Likita da duk danginta, sai farasitamol da man shafawa. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, tana gudun a ji.

Ranar da za a sallame ta likita ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce gyambon bai gama warkewa ba, jininta bai koma ba, ƙodar kuma sai an sa mata ido. Ta ce idan ya sake ɓallewa a cikin jirgi ko a tsakiyar cunkoso, ba lallai a kai ta inda za a taimake ta ba. Ba za ta iya sa hannu a kan tafiyar bana ba. Rilwanu ya yi saurin cewa ya riga ya bincika, za a ajiye kujerar zuwa baɗi.

Zuliha ta kama hannun likitar.

"'Yata, a tura ni a keke. Na yarda. Ko a baro ne a tura ni, ko daga sama ne in hango. Ba sai na taka ba."

Likita ta riƙe hannun, ta girgiza kai. Ta ce ba ƙafar ce matsalar ba yanzu. Zuliha ta saki hannun ta juya fuska bango. Baɗi a bakin mai shekara talatin gobe ce, a kunnen tsohuwa kuwa wata ƙasa ce mai nisa, kuma duk wanda ke ɗakin ya san haka.

Ta koma Tudun Fulani. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da ayaba, ba mai ƙwaya ko ɗaya. Aka rarraba ƙuli-ƙuli da kifin guzuri ga maƙwabta kada su lalace. Ndaman ya zo ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Aishat ta zo ta share gida, ta wanke kwanuka, ta tafi ba su haɗa ido ba. Zuliha ba ta riƙe kowa a rai ba, baƙin cikinta ya fi ƙarfin neman mai laifi. Mafarkin ma ya ɗauke, idan ta kwanta bayan azahar barci kawai take yi, baƙi, ba kome a ciki.

Wata ranar Talata da hantsi Rose ta zagayo ta zauna da ita tana feraye doya. Tun da abin ya faru ta daina leƙe ta katanga, ta ƙofa take shigowa, ta zauna ba tsokana. Suna nan sai suka ji mutane a waje suna cewa jirgin ƙarshe ne zai tashi. Filin jirgin yana can Maikunkele, ba nisa, idan babban jirgi ya ɗaga har kwanon rufi yakan amsa. Can ƙasa-ƙasa rugugin ya fara.

Zuliha ta ce a ɗaga ta. Rose ta ce ta zauna, daga nan ma za a ji. Zuliha ta ce ba ji take so ba, gani take so, rufin maƙwabta ya tare mata sama, a kai ta ƙofar gida. Rose ta ajiye wuƙa ta sa mata kafaɗa. Gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa. Tsakar gidan da ta saba ratsawa da buhu a ka ya zama mata tafiyar yini. Kowane taku sai ta cije leɓe, gumi yana bin wuyanta, rugugin yana ƙaruwa har ya cika unguwa, ya wuce ta kansu suna cikin zaure, inda ba a ganin kome sai rufi.

Da suka fito ƙofar gida mutane sun fara sauke hannuwa daga goshi, kowa yana komawa harkarsa. Sama fes, sai wani ɗan gajimare. Ƙarar ce kawai ta rage, tana raguwa.

Ta tambayi Rose ta ina ya bi. Rose ta nuna mata gabas. Ta juya ta fuskanci wajen, ta saki kafaɗar Rose ta tsaya da kanta a kan gwiwoyin da ke ci mata kamar wuta. Hawaye suna zuba, ba ta share ba. Leɓunanta suka motsa, ta faɗi wata kalmar Larabci da aka koya musu, wadda alhazai ke faɗa idan sun ɗaura harami. Ta maimaita ta a hankali har ƙarar jirgin ta ɓace gaba ɗaya.

"Maman Rilwanu, mene ne ma'anan wannan da kake fada?"

Zuliha ba ta sauke ido daga sama ba.

"Ga ni, na amsa kira. Ga ni, na zo."

Rose ta matso ta sake sa mata kafaɗa, suka tsaya a nan bakin ƙofa.